Wanda ya faɗi a gangaren Mambila ɗan ƙungiya ne, a ba shi haƙƙinsa



A taronmu na Lahadin da ta wuce ni na riƙe biro kamar kullum, kuma duk wanda ya taɓa yin sakatare ya san mai rubuta bayanin taro ba shi da bakin magana. Kai dai ka ji, ka rubuta. Sau uku aka kira tafiyar da muka yi zuwa Obudu da Mambila da sunan "yawon banza", sau uku kuma na rubuta hakan da hannuna a littafin ƙungiya, ban rage ko wasali ba. Da aka zo kan maganar ko za a taɓa asusun gaggawa saboda ƙanenmu da ya karye a hanya, murya ta fara tashi, Baba Ciyaman ya ga abin zai kai ga ɓacin rai, ya ɗage maganar zuwa zama na gaba. Allah ya saka masa da alheri, hakan ya fi. To kafin ranar ina so in faɗi tawa a nan, inda kowa zai karanta a tsanake, ba mai katse wani.

Bari in fara da abin da ake faɗa a bayan idona. E, ina cikin tafiyar. Ni ne ma babba a cikinmu, kuma kamar yadda za ku ji a gaba, akwai laifina a abin da ya faru. Wanda ya ce Sakatare kansa yake karewa bai yi ƙarya duka ba. Roƙona kawai a auna maganar, ko da mai ita bai kwanta muku ba.

Mu shida ne, kowa da mashin ɗinsa: ni, da makanikenmu, da mai albasa, da mai suya, da wani abokinmu ɗan canji, sai autanmu mai gyaran waya. Mashinan ba irin na masu kuɗi ba ne da ake gani a bidiyo. 'Yan Bajaj ne da Haojue da kowa ya sani, waɗanda tun da aka hana acaba a cikin Kalaba suka koma na zuwa kasuwa da kai yara makaranta. Wata goma muna zuba adashi don wannan tafiya. Muka zaɓi sati na biyu na Janairu, bayan an gama hada-hadar Kirsimeti da kanibal, lokacin da kasuwa ke barci, mutum ya wuni a rumfa yana korar ƙuda. Ba wanda ya ci bashi, ba wanda ya bar gidansa babu cefane. Wannan sai da na tabbatar da shi kafin mu tashi, don na san za a tambaya.

Ranar farko muka bar Bogobiri bayan Asuba, muka bi ta Akamkpa da Ugep zuwa Ikom, daga nan muka ratsa dajin Boki, muka faɗa garin Obudu dab da Magariba, bayan kowa ya ƙage. 'Yan uwanmu na zangon garin suka ba mu ɗaki da tabarmi da tuwo, ba su san mu ba, ba mu san su ba. Washegari muka hau dutsen.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, wurin yana cikin ƙaramar hukumar Obanliku, kuma tsayinsa ya haura mita 1,500 a kan inda muke zaune a nan bakin teku. Turawa ne suka kafa gandun shanu a can a 1951, saboda sanyi da ciyawa da rashin ƙudan tsando. Daga baya gwamnatin Donald Duke ta raya shi a matsayin wurin shaƙatawa, har ta kafa motar igiya mai ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa sama a 2005. Hanyar hawan kilomita 11 ce kacal, amma lanƙwasa 22 ce a cikinta, kana fita daga wannan kana faɗawa waccan, in ka waiga ka hangi abokinka a ƙarƙashin ƙafarka kamar tururuwa. A jiharmu wannan wuri yake, jihar da wasunmu suka shekara talatin suna biyan haraji a cikinta, amma a cikin mu shida ba wanda ya taɓa taka shi sai ranar.

A nan muka fara gane ba mu san sanyi ba. Dukanmu in ban da auta a arewa aka haife mu, mun sha hunturun Katsina da na Zariya, muna ganin wane sanyi kuma ya rage da za a nuna mana a kudu. Mun manta shekara ashirin muna shan gumin Kalaba, jiki ya saba da wani abu daban. Kuma sanyin wanda ke zaune a zaure gaban wuta daban ne da na wanda ke kan mashin. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6, sannan gudun mashin ya ɗora nasa, iska ta riƙa shiga ta wuya da hannun riga da ƙafar wando tana kwashe ɗumin jiki. Abin da ke fara mutuwa yatsu ne. Za ka ga hannunka a kan birki, amma ba ka jin ko ka matsa ko ba ka matsa ba. Mun yi dariyar abin a Obudu, mai suya yana cewa ko an yanka masa ɗan yatsa ba zai sani ba sai ya gani a faranti. Da mun san abin da ke gaba, da ba mu yi dariya ba.

Su ma mashinan sun ji a jikinsu. Iskar sama ba ta da kauri, inji ba ya samun wadda za ta ishe shi ƙona mai, sai ka murɗa totur ka ji yana nishi kamar jakin da aka labta wa kaya. Fulogi ya riƙa yin baƙi, makanike yana kwancewa yana gogewa duk inda muka tsaya.

Daga Obudu muka shiga Binuwai, ƙasar Tibi, muka ƙetare gadar Katsina-Ala, muka kwana a Takum. Washegari muka bi ta Bali muka kwana a Serti. A kan wannan yankin dattawanmu suna da gaskiya, ba zan yi musu ba. Hanyar Katsina-Ala zuwa Takum da ta Takum zuwa Bali sun yi ƙaurin suna wajen tare hanya da satar mutane, kuma Hausawa shida a kan mashina shida ba abin da ke kwantar wa jami'in tsaro hankali ba ne a wannan zamani. Don haka muka kafa wa kanmu doka: ba tashi kafin ƙarfe takwas, ba tafiya bayan La'asar, kowace tasha mu tambayi direbobi yadda gaba take, mu bi bayan motocin haya. An tsayar da mu a shinge ya fi sau ashirin. Abin da ya riƙa fitar da mu shi ne katin ƙungiyar nan, mai sa hannun Baba Ciyaman da nawa. A wani shingen jami'in ya karɓi katin auta, ya juya shi, ya ce a kira lambar da ke baya. Baba Ciyaman ya ɗauka, ya ce masa, "Yarana ne, na san da tafiyarsu." Aka ɗage mana katako muka wuce.

Serti ita ce ƙofar gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na gwamnatin tarayya girma a Nijeriya. In ka wuce ta sai Mayo Selbe, gindin dutse, daga nan hanya ke miƙewa sama. Akwai hawan da ake kira Biyu da Sisi. Mutanen wurin sun ce mana ladan da ake biyan ɗan dako ne a da, sule biyu da sisi, in ya kai kaya sama. Duk wanda ya hau zai ce an ci zalin 'yan dakon. Dutse ta gefe guda, ta ɗaya gefen rami wanda ba ka ganin ƙarshensa, manyan motoci suna rarrafe da giya ɗaya, yaran mota suna tafe a ƙasa riƙe da weji. Muna hawa kunnuwanmu suna toshewa, rigar da muka cire a Serti saboda zafi muka tsaya muka mayar, muka ƙara wata a kai.

Muna kaiwa sama, kafin Maisamari, sai duniya ta buɗe. Babu daji. Tuddai ne lulluɓe da ciyawa, wani bayan wani har iyakar ganinka, shanu jajaye masu manyan ƙahoni suna kiwo a gangare, layin itatuwan zaiti a kan tudu, gidajen kwano a cikin kwari hayaƙi yana tashi. Ciyawar ta fara bushewa don rani ne, aka ce mana da da damina muka zo da mun ga abin da ake kira kore. Muka kashe mashina muka tsaya, ba mai magana. Can auta ya cire hular kwano ya ce, "Yaya Sakatare, wai nan ma Nijeriya ce?"

Na ce masa ita ce, amma saura kaɗan da ba ita ba. Wannan yanki yana cikin arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo, sai a Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, mutanen suka zaɓi Nijeriya. Aka kira yankin Lardin Sardauna, kuma har yau ƙaramar hukumar da Gembu ke shugabanta sunanta Sardauna. Ɗan canji ya ce yau dai difloma ta yi rana. Amma tambayar yaron ta tsaya mini a rai. A Bogobiri aka haife shi, shekararsa 29. Iyakar abin da ya sani na ƙasarsa shi ne Kalaba, da ƙauyen mahaifinsa, da motar dare da ke haɗa su sau ɗaya a shekara, wadda ake shiga da duhu a fita da duhu. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Yawancinmu haka muke.

Kwana uku muka yi a sama, tsakanin Nguroje da Gembu. Mun je gonar shayi ta Kakara, wadda ita kam kore take shar ko da rani, layi-layi kamar an yi mata aski, mata suna tsinkar ganyen suna jefawa a kwandon baya. Shekara nawa muna shan shayi a teburin mai shayi, ba wanda ya taɓa ganin itacensa a cikinmu. Mun ci fiya da ayaba da gwaza har mun gaji. An nuna mana sashen da Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijeriya, mita 2,419, wanda sai a ƙafa ake zuwa. Fulatanci ya fi tafiya a kasuwanninsu, Hausa tana biye, kuma ba mu rasa wanda za mu yi magana da shi ba ko sau ɗaya. Sanyin Nguroje kuwa, sai dai wanda ya je. Asubar farko na zuba ruwan buta a hannu na ji kamar an sare ni. Ladanin masallacin, wani dattijo sanye da kwat da hular sanyi da bargo a kafaɗa, ya kalle mu ya yi murmushi, ya shiga gida ya fito da ruwan zafi a tukunya. Kowa in ya yi magana hayaƙi ke fita daga bakinsa. Mashina uku suka ƙi tashi, sai da muka tura su a gangare.

Yanzu ga laifina. Ranar dawowa kuɗi sun ja baya, mai yana da tsada a sama don da ƙyar ake kai shi, kuma kowa ya fara tunanin rumfarsa. Na yi lissafin in muka tashi bayan Asuba za mu iya kai Takum a yini ɗaya, mu tsira da kuɗin kwana guda. Makanike ya ce mini, "Yaya, mu bari rana ta fito, hanyar nan da raɓa." Na ce ba komai, a hankali za mu bi. Ni na kafa dokar ƙarfe takwas, ni na karya ta, kuma don ni ne babba ba wanda ya sake magana.

Muka fara gangarowa hazo ya cika kwari, kwalta a jiƙe. Safar hannun da auta ya saya ta ulu ce, irin ta gwanjo, raɓa ta jiƙa ta sharkaf, ta koma ta fi babu sharri. Sannan ya yi abin da kowane ɗan acaba ya saba yi a gangaren cikin gari don tattalin mai: ya saki giya ya bar mashin a firi. A gangaren minti ɗaya wannan ba komai ba ne. A gangaren da ake shafe kilomitoci ana sauka kuwa, in mashin yana cikin giya ta biyu inji ne ke riƙe shi, birki taimako kawai yake yi. In ka sake shi, nauyin duka ya koma kan birki, ya yi zafi, ya daina kamawa. Birkin baya ya saki, yatsun da za su matse na gaba sun mutu da sanyi, ga lanƙwasa da tsakuwa a gabansa. Ina bayansa, a kan idona aka yi. Yaron nan ya yi abu ɗaya da ya cece shi, ya kwantar da mashin ta ɓangaren dutse, bai bari ya kai bakin rami ba. Ya karye a ƙwauri da wuyan hannu. Hular kwanonsa ta tsage gida biyu, kansa ko ƙwarzane babu.

Wadda ta fara isowa wata mata ce 'yar Mambila da kwandonta za ta gona. Ba ta jin Hausa sosai. Ta ga yana rawar sanyi, ta cire mayafinta mai kauri ta rufa masa. Sai wani Bafulatani a kan mashin da jarkokin madara, ya sauka, ya saro sanduna biyu, shi da makanike suka ɗaure ƙafar. Sai wani direban a-kori-kura da ya ɗauko ayaba da fiya zai kai ƙasa. Ya sauke buhu huɗu a bakin hanya don a sami inda za a kwantar da shi, ya kai mu asibiti, ya jira har aka karɓe shi. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna ya ce, "Malam, ku riƙe, gaba za ku buƙata." A cikin su ukun nan ba wanda ya tambaye mu me ya kawo mu, fatauci ne ko ziyara ko yawo. Sun ga mutum a ƙasa, suka ɗaga shi.

Tsakanin asibiti, hoton ƙashi, magani, shatar motar da ta dawo da shi Kalaba da mashin ɗinsa, da mai ɗorin da ke duba shi yanzu, an kashe naira 410,000. Rasit suna hannuna. Likita ya ce sai ya yi wata uku bai riƙe abin aiki ba, kuma mai gyaran waya da hannu yake ci. Yana da mata da yara biyu.

To, a nan nake son mu tsaya. Abin da aka nema daga asusu ba naira 410,000 ba ne. Naira 150,000 ce, adadin da dokarmu ta yanka wa duk ɗan ƙungiyar da haɗarin hanya ya kwantar. Ni na kwafe wannan doka da hannuna lokacin da aka sabunta ta, kuma na sake karanta ta daren jiya. Sharaɗi biyu ta kafa: mutum ya kasance ba a bin sa kuɗin wata, kuma ba a cikin aikata laifi abin ya same shi ba. Ba ta ce sai in hanyar kasuwa ce ba. Littafin kuɗin wata yana gabana: shekara 7 yaron nan bai tsallake wata ɗaya ba, har watannin kullen korona da manya da yawa suka nemi a ɗaga musu ƙafa. Bai taɓa karɓar ko sisi daga asusun ba.

Wani dattijonmu da nake girmamawa ya ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wato shi ya kai kansa. Ranka ya daɗe, haka ne. Amma mu duba littafi. Mun biya wa wanda motarsu ta kife suna dawowa daga bikin aboki a Uyo. Mun biya wa wanda ya faɗo daga saman tirelar albasa, alhali kowa ya san hawa saman kaya ganganci ne, kuma an sha yin magana a kai. Mun biya wa wanda ya kama hanyar gida da tsakar dare ana gobe Sallah bayan mutum uku sun ce masa ya bari gari ya waye. Ba zan kama suna ba, sun san kansu, kuma daidai aka yi da aka biya su. Ba wanda ya tsayar da su ya ce su kawo hujjar tafiyarsu. In yau muka buɗe wannan ƙofa, gobe sai mun kafa kwamitin auna niyya. Wa zai zauna a ciki? Wanda ya je ganin budurwa a Ikom fa, nasa yawon na banza ne ko na ƙwarai? Wanda ya je kallon ƙwallo? Wanda ya je ɗaurin auren da ba a gayyace shi ba? Ranar da matasanmu suka gane cewa kuɗin da suke zubawa ba zai tashi gare su ba sai in dattawa sun yarda da dalilin fitarsu, ranar za su daina zubawa. Kuma Alhaji Ma'aji ya fi kowa sanin cewa kashi mafi yawa na kuɗin wata daga hannun waɗannan matasan yake fitowa.

Sai kalmar kanta. Mai albasa ya dawo da lambobin masu fiya da dankalin turawa, yana ma shirin gwada lodi ɗaya, kuma wasu sun ba ni shawara in ce ai tafiyar neman kasuwa ce don a huta da gardama. Ba zan fake da wannan ba, don ƙarya ce. Gani muka je yi. Mun ji labarin wuri mai sanyi da tuddai a cikin ƙasarmu, muka tara kuɗinmu na halal, muka sallami iyalanmu, muka sanar da shugabanmu, muka je muka gani. In Alhaji ya hau jirgi ya yi sati biyu a Dubai, hutu muke kiran abin, mu je har gida mu yi masa barka da sauka, ya raba mana turare. In mai gyaran waya ya hau mashin ɗinsa ya je ganin dutse a Taraba, sai ya zama yawon banza. Ni na rasa bambancin, in ba kuɗin jirgi ba.

Kuma abin ya fi ba ni mamaki da ya fito daga bakinmu, mu da tafiya ce ta haife mu. Me ya kawo kakanninmu bakin teku? Waɗanda suka riƙa taka ƙafa da jakuna watanni zuwa Gwanja saboda goro, da waɗanda suka kafa zango a Ibadan da Kumasi da nan inda muke, ai duk akwai wanda ya ce musu su zauna gida hanya ba kyau. Za a ce su fatauci suka fita. Gaskiya ne, amma ba kowa ne ke iya barin garinsu don riba kaɗai ba, sai wanda ransa ke son ganin abin da ke bayan tudu. Zangunan da suka bari su muka riƙa sauka a ciki, daga Obudu har Gembu, ana ba mu tabarma ba a tambaye mu ko sisi. Mu kuma jikokinsu mun koma mutanen rumfa da motar dare. Kullum muna kuka a taro cewa yaranmu sun lalace da cacar waya da shisha da ƙwaya. Ga shida sun yi wata goma suna adashi, sun koyi kwance fulogi da facin taya da karanta taswira, sun yi sallah a masallatan da ba su taɓa jin sunan garuruwansu ba, sai mu rasa sunan da za mu ba su sai wannan.

Damuwar Alhaji Ma'aji ita ce ta fi nauyi a duk abin da aka faɗa, kuma ba ta son rai ba ce. Asusun ya yi ƙasa tun gobarar da ta ci rumfunan 'yan uwanmu biyu bara, kuma yana tsoron kar gobe wasu goma su ɗauki mashina su nufi Jos ko Kamaru, ƙungiya ta koma inshorar masu yawo. Wannan tsoro ne mai tushe. Amsarsa a wurina ita ce a gyara doka don gaba, a fili, kowa ya ji ya ƙi ji. Duk masu shirin doguwar tafiya a kan mashin su rubuta sunayensu da hanyarsu a ofis, makanike ya duba birki da taya da sarƙa, hular kwano dole, safar hannu ta fata dole in ƙasar sanyi za a shiga, ba tafiyar duhu, kuma su ajiye wani abu na gaggawa a hannun ma'aji kafin su tashi. Wanda ya ƙi, ya san ya fita daga inuwar asusu a wannan tafiyar. Zan goyi bayan wannan, zan ma rubuta daftarin in an ba ni dama. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ƙirƙiro doka yau a hukunta wanda ya faɗi jiya da ita.

In kuma hukunci ake so, ga ni. Ni na ce a tashi da duhu. Sauran naira 260,000 mu biyar ɗin mun riga mun raba a tsakaninmu, kuma na ɗauki kaso biyu, don haka ya kamata. In taro ya ga dama ya ci ni tara a kan karya dokar da na kafa, zan biya a gaban kowa. In ya ga ban cancanci ci gaba da riƙe biro ba, wannan ma magana ce da za a iya yi. Amma kar a haɗa laifina da haƙƙin yaron da ya bi umarnin babba.

Na je duba shi shekaranjiya. Yana kwance a tabarma ƙafa a miƙe, ƙanen matarsa yana zaune gefe da wayar wani kwastoma a buɗe, shi yana faɗa masa inda zai sa ƙarfen narka dalma, don kar shagon ya mutu. Bai tambaye ni maganar kuɗi ba. Hotunan gonar shayin yake ta nuna wa yaransa. Labarin abin da aka faɗa a taro ya riga ya kai masa, abin da kawai ya ce mini shi ne, "Yaya Sakatare, Baba Ciyaman da kansa ya ce wa ɗan sandan nan mu yaransa ne."

Zama na gaba ranar Lahadi ne bayan La'asar, a inda aka saba. Na roƙi mataimakina ya riƙe littafi a ranar, tunda ina cikin maganar, ni kuma zan zauna a benci tare da kowa in ɗaga hannu in an zo ƙuri'a. Zan zo da rasit ɗin, da littafin kuɗin wata, da hular kwanon. Wanda ke son duba ɗaya daga ciki kafin ranar, ina ofis kullum daga Azahar zuwa La'asar.

Naku,
Sakatare